Tsintsiyar Turawa a tukunyar ƙasa: yadda na yi renon heda a Katsina

Irin da babbar 'yata ta kawo mini daga Sikotilan bai cika rabin cokalin shayi ba. Da na buɗe 'yar takardar na zazzage shi a tafin hannu, sai na ɗauka an sayar mata da ƙura ne. Ƙwayar alayyafo ma ƙatuwa ce a kansa, balle gero. Ta riƙe mini hannu ta ce, "Umma, kada ki yi numfashi da ƙarfi, tashi zai yi." A watan Agusta na 2023 ke nan, ruwa na zuba a kan kwano, muna zaune a barandar gidanmu da ke bayan Ƙofar Ƙaura.

'Yar fari ce, don haka ba zan kama sunanta ba. Ta tafi Abadin, wani birni a Sikotilan, ƙaro karatun aikin jinya a 2021. Shekara guda bayan nan ta turo mini hoto a waya: tuddai bayan tuddai, iya ganin ido, duk sun rufe da fure shunayya mai ratsin ruwan hoda, kamar an shanya atamfa ɗaya a kan ƙasa baki ɗaya. Na fi sati ina buɗe hoton. Ni mai son shuka ce tun ina koyarwa a firamare. A tsakar gidana akwai lalle, da zogale, da gwaiba, da lemun tsami, da na'ana'a a tsofaffin robobi. Na tambaye ta sunan abin, ta ce mutanen can suna ce mata heda, masana tsirrai kuma Calluna vulgaris, sunan da aka ciro daga kalmar Girkanci mai nufin shara ko gyara wuri, domin da rassanta ake ɗaure tsintsiya a da. Malam yana gefe yana jin mu, ya ce, "Ashe tsintsiyar Turawa ce." Sunan da ya bi ta ke nan a gidan nan har yau.

Shuka mai rai da ƙasarta ba ta ƙetare iyaka haka kawai, akwai dokar killace tsirrai, kuma doka ce mai kyau domin cuta a cikin ƙasa take ɓoyewa. Shi ya sa ta nemo iri a rufaffiyar takarda daga masu sayar da iri, ta bi abin da aka ce ta bi na takardu. Wata dattijuwa da ke aiki a gidan renon tsirrai can ta yi mata bayani, ita kuma ta rubuta mini a bayan ambulan. Da na karanta sai jikina ya yi sanyi, don duk abin da na sani na kyautata wa shuka, a wurin wannan cutarwa ne. Ba ta son takin gida. Ba ta son toka. Ba ta son farar ƙasa ko wani abu mai kanwa-kanwa. Ƙasa mai tsami take so, marar ƙarfi, wadda manominmu zai duba ya ce ta mutu. Kada saiwarta ta bushe ko da wuni ɗaya, kada kuma ruwa ya kwanta mata.

Dalilin yana cikin saiwar. Saiwar heda siririya ce kamar gashin jariri, ba ta nutsawa can ƙasa, a sama-sama take bazuwa. Akwai wata irin fumfuna mai amfani da ke zaune a jikin saiwar, ita ke tatso mata abinci daga ruɓaɓɓen ganye a ƙasar da wasu tsirrai ba sa iya rayuwa. In ƙasa ta yi kanwa, shukar ba ta iya jan sinadarin ƙarfe, sai ganyen ya ɗashe ya koma rawaya ko da abincin na nan a gabanta. In aka zuba mata taki mai ƙarfi, gishirinsa ya ƙone 'yan saiwoyin nan.

Masana suna auna tsami da kanwa da wani ma'auni da suke kira pH: 7 shi ne tsakiya, ƙasa da haka tsami, sama da haka kanwa. Heda tana son tsakanin 4.5 da 5.5. Ni dai da kunun tsamiya da kunun kanwa na fahimci abin. Na jiƙa zoɓo kaɗan, na tsarma shi sosai har ya zama ja mai haske, na raba a kofi uku. Na ɗiga lemun tsami a na farko, ya ƙara haske. Na jefa ɗan gutsuren kanwa a na biyu, nan take ya yi duhu, ya koma wani shuɗi-shuɗi mai kore. Na jiƙa tokar murhu na tace na zuba a na uku, ya bi sahun na kanwa. A nan na gane da idona me ya sa aka hana ni toka. Amma zoɓo babban bambanci kawai yake nunawa. Ɗan ƙanena da ke koyar da kimiyya a sakandare ya kawo mini 'yan siraran takardun gwaji, waɗanda ake tsomawa a ruwa a gwada launinsu da na jikin kwali. Ruwan burtsatsenmu ya ɗan haura 7. Ban yi mamaki ba, don farin dattin da ke daskarewa a gindin butar shayi ya daɗe yana gaya mini. Ruwan sama kuwa ya tsaya kusa da 6.

Don haka da ruwa na fara, tun kafin ƙasa, tun kafin shuka. Damina a Katsina gajera ce, in Satumba ta ƙare sai dai a yi ta duban gabas. Na sayi duro uku na roba, masu cin lita 200 kowanne, na sa a ƙarƙashin indararo. Ruwan farko na kowane zubi nakan bar shi ya wanke kwano ya tafi, sai na biyun nake tara. Na tace da farin ƙyalle, na rufe ruf saboda sauro, na ja su inuwa. Na kafa doka a gidan: ko ruwan famfo ya ɗauke sati, ba mai taɓa duron nan, a kira 'yan garuwa.

Ƙasa ta fi ba ni wahala. Can suna da wata baƙar ƙasar fadama mai tsami da ake sayarwa a buhu, mu ba mu da ita. Na tuna a Jos akwai bishiyoyin nan masu ganye kamar allura da aka dasa tun zamanin Turawa, kuma na ji ruɓaɓɓen ganyensu da ɓawonsu sun dace da irin wannan shuka. Ƙanwar Malam tana aure can, ta sa aka ɗebo mini rabin buhu daga gindin bishiyoyin, wanda ya riga ya yi baƙi ya ruɓe, aka ba direba ya kawo. Na daka ɓawon sama-sama a turmi, na tankaɗe. Na auna tiya biyu na wannan, tiya ɗaya ta rairayin rafi wanda na wanke sau uku, tiya ɗaya ta garin ɓawon kwakwa da masu lambun fulawa ke sayarwa, shi ma na jiƙa shi kwana biyu ina canza ruwa don ya saki gishirinsa. Sai farar wuta. A 'Yar Kutungu na same ta wurin 'yan koli. Mai kayan ya ce, "Hajiya, ƙaiƙayi ne ko ƙazuwa?" Na ce masa ta shuka ce, ya dube ni ya auna mini bai ƙara magana ba. Na niƙa ta lukwi, na barbaɗa cokali guda a cikin haɗin gaba ɗaya. Farar wuta ba ta aiki nan take. Ƙananan halittun cikin ƙasa ne ke juya ta ta zama tsami a hankali, kuma sai da ɗumi da danshi. Na yayyafa ruwan sama, na rufe da buhu, duk Juma'a ina juyawa. Da na fara gwadawa takardar ta nuna 6 da ɗoriya. Bayan wata biyu ta sauko kusa da 5.

Shi kuma irin, na cuɗa shi da ɗan jiƙaƙƙen rairayi a leda na sa a firji wata guda, don ya ji kamar sanyin ƙasarsu ya wuce ta kansa. Wutar unguwarmu ba ta da tabbas, sai na kai ledar gidan maƙwabciyata mai sola, ta ajiye mini a gefen maganin mahaifiyarta.

Na yi shuka a makon ƙarshe na Nuwamba, lokacin da iskar hunturu ta fara kaɗawa, dare ya fara neman bargo. Na cika kasko biyu marasa zurfi da haɗin nan, na huda gindinsu, na daddanna saman da bayan cokali har ya yi sumul. Na barbaɗa irin da rairayinsa kamar mai sa gishiri a miya. Ba a binne shi, haske yake bukata kafin ya tsiro; dannawa kawai ake yi ya manne da ƙasa. Ba a kuma zuba masa ruwa ta sama, don ɗigo ɗaya zai kwashe iri ashirin ya kai gefe. A faranti nake zuba ruwa, in ɗora kaskon a ciki har saman ƙasar ya yi duhu, sannan in ɗauke. Na rufe kowanne da gilashin tsohuwar taga, na ajiye a gefen baranda inda haske ke shiga amma rana ba ta dukan wurin. Kowace safiya in ɗaga gilashin, in goge zufar da ta taru, in bar iska ta shiga na ɗan lokaci.

Kwana ashirin ba komai. Malam ya daina tambaya don kada ya ɓata mini rai. Ran kwana ashirin da shida, bayan sallar asuba, na ɗaga gilashin na haska fitilar waya, sai na ga wasu ɗigo-ɗigo kore, ƙanana har sai da na sa tabarau na durƙusa. Ganye biyu-biyu, kowanne bai kai kan allura ba. Na ƙirga bakwai. Na zauna a ƙasa ina ta hamdala, na kira yarinyar nan ko tunanin bambancin lokaci ban yi ba. Ta ɗauka da muryar barci ta ce, "Umma, lafiya?" Na ce, "Baƙinki sun iso." Kafin ƙarshen Janairu sun kai arba'in da wani abu.

Hunturu yana da daɗi gare su ta wajen sanyi, amma bushewar iska da ƙura abokan gaba ne. Ƙurar da ke tasowa daga wajen Chadi tana sauka a kan komai, ranar hazo in ka shafa gilashin sai ka yi rubutu a kai. Na riƙa ɗaga murfin kaɗan-kaɗan, yau yatsa ɗaya, jibi yatsa biyu, har suka saba. Wasu sun faɗi da kansu, gindinsu ya ruɓe daidai saman ƙasa. Yawan danshi ne da rashin iska, laifina ne na jinkirta buɗewa. Girmansu kuwa sai mai haƙuri. Tumatir da na shuka rana ɗaya da su har ya yi fure, su ba su wuce tsawon gaɓar yatsa ba. A tsakiyar Fabrairu na zaɓi goma sha takwas mafi ƙarfi, na ciro kowanne da ɗan dunƙulen ƙasarsa da bakin cokali, ban girgiza saiwar ba, na dasa a ƙananan tukwanen ƙasa daidai zurfin da yake a da, na rufa saman da dakakken ɓawon nan.

A nan ne babbar asara ta farko ta same ni. An yi mana rasuwa a Daura, na tafi kwana huɗu. Akwai wani dattijo da ke zuwa yana gyara mana bishiyoyi shekara da shekaru, mutumin kirki, hannunsa na da albarka, duk abin da ya dasa sai ya kama. Na bar masa amana, na nuna masa duro, na ce ruwan nan kaɗai. Ban yi maganar taki ba, don ban zaci zai kai can ba. Da na dawo na tarar da saman tukwane shida ya yi baƙi da kashin awaki, an kuma barbaɗa toka saboda tururuwa. Na ce, "Baba, me ya faru nan?" Ya ce, "Hajiya, ai yunwa ce ke damun su. Wata uku shuka ba ta kai ɗan yatsa ba? Na fara da shida ne ki ga bambanci." Na rasa abin faɗa. Ilimin shekara hamsin ne ya yi aiki da shi, kuma a kan kowace shuka ta garin nan gaskiyarsa ce. Na kwashe abin da zan iya kwashewa, na yi ta ɗauraye ƙasar da ruwan sama, amma an riga an shayar da su sau uku a kan tokar. Cikin kwana goma duk shidan suka ƙone daga baki zuwa gindi. Na haɗa masa zoɓon nan a kofi, na sa toka a gabansa ya ga yadda ya juye. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ikon Allah. Kowa da kiwon da ya karɓe shi." Tun daga ranar shi ne mai hana jikoki zuwa kusa da tukwanen.

Daren nan na kasa barci, ba don tsirrai shida kawai ba. Na yi ta tunanin yarinyata a garin da rana ke faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu a watan Disamba, cikin mutanen da wataƙila suna nufin ta da alheri amma da irin nasu alherin. Abin da nake roƙa mata shi ne ta samu wanda zai tambaye ta me take bukata kafin ya ba ta abin da shi yake so. Na ga ba ni da bakin yin wannan roƙo in ban yi wa baƙuwar da ke barandata haka ba.

Sai bazara ta shigo tare da azumi, 11 ga Maris 2024. Duk wanda ya yi azumin shekarar a Katsina ya san abin da nake nufi. Zafi ya haura digiri 40, bangon ɗaki har tsakar dare yana huci. A ƙasarsu heda rana take so fal, a fili take, ba ta son inuwa. Amma ranar Abadin daban, ta Katsina daban. Na lura ba ganyen ne ke fara mutuwa ba, tukunyar ce ke ɗaukar zafi ta dafa saiwar. Kuma shukar nan ba ta kuka. Zogale ko tumatir in ƙishi ya kama su sai su langaɓe, ka ba su ruwa su miƙe. Ita ganyenta ƙanana ne kamar ɓawon kifi, a manne da reshe, ba ya yaushi. Tana nan tsaye kore-kore alhali ta mutu kwana uku da suka wuce, sai ka taɓa ka ji ta ƙandare tana zuba. Uku suka tafi haka a makon farko ina kallon su ina cewa lafiya lau.

Dabarar da ta cece ni tamu ce ta gida. Na tuna tukunya-cikin-tukunya da marigayi Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa a ƙauyuka don adana tumatir da alayyafo, har ya samu lambar yabo ta Rolex a kanta: ƙaramar tukunya a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, ruwan na tsatsafowa ta jikin ta wajen yana bushewa, yana tafiya da zafin. Sanyin randa ke nan da kakanninmu suka sani. Na je wurin wata tsohuwa mai ginin tukwane na ce, "Inna, manya nake so, marasa shafe, masu zufa sosai, a huda gindin." Ta ce, "'Yata, tukunya mai huji me za ta riƙe miki?" Na yi mata bayani, ta gina mini tara. Na zuba tsakuwa a gindin kowace babba don ƙaramar ta zauna a kai, ruwan burtsatsen da nake jiƙa rairayin da shi kada ya hau ya shiga ƙasar shukar. Ruwan duro na saiwa ne kaɗai. Na mayar da su gabashin gida, inda suke samun rana daga fitowarta zuwa wajen ƙarfe tara, bayan nan inuwar bango da ta zana su rufe su. In na tura yatsa cikin ƙasar da azahar sai in ji ta da sanyi-sanyi, alhali simintin da ke gefe ba ya takuwa.

Da sahur nake duba su. Ba na bin agogo wajen ban ruwa, yatsa nake bi: in gaɓar farko ta fito da ɗan danshi, in bari, in ta fito a bushe, in zuba a hankali a gefen tukunya har ya ɗigo ta ƙasa. Rairayin tsakani kuwa sau biyu a rana, wani lokaci sau uku. Kafin ƙaramar salla duro biyu sun ƙare, na ukun ya yi rabi. Maƙwabciyata ta sa bokiti a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗakinsu tana tara mini ruwan da ke ɗiga, wanda ba shi da kanwa ko kaɗan, ko da yake a busasshiyar iskar Afrilu ɗan kaɗan yake fitowa. Da abin ya matse a Mayu, na koma ɗiga lemun tsami a ruwan burtsatse ina gwadawa da takarda har ya sauko ƙasa da 6. Maganin wucin gadi ne, amma ya kai mu. Duk da haka biyu sun ƙara tafiya. Bakwai suka ga ruwan farko.

Na ɗauka da damina ta sauka an gama wahala. Ashe nan ne tarko. Shukar da ta fito daga ƙasar ruwan sama, ruwan sama mai ɗumi ne ya fi yi mata illa. Akwai cutar ruɓewar saiwa da ke yaɗuwa a ƙasa mai ɗumi da ruwa ya jiƙe, kuma Agustanmu ke nan: zafi, danshi, iska a tsaye. Tukunya-cikin-tukunya ta daina sanyaya komai tunda iskar kanta a jiƙe take. Biyu na ga rassansu sun yi toka-toka ɗaya bayan ɗaya. Da na zazzage tukunyar, saiwar da ya kamata ta zama fara ta koma baƙa, tana wari, tana narkewa a hannu. Na zubar da ƙasar can nesa, na ƙona tukwanen a wuta kafin in sake amfani da su. Sauran na fitar da su daga manyan tukwane, na ɗora a kan bulo ƙarƙashin rumfa inda iska ke ratsawa, ruwan sama ba ya dukan su sai wanda na ba su da hannuna.

A daminar ce kuma na gwada dasa biyu a ƙasa, don littattafansu duk maganar lambu suke: a ba da tazarar kamar taku ɗaya tsakanin kowace, a dasa da yawa wuri guda su haɗe su rufe ƙasa. Na haƙa rami, na cika da haɗina. Wata biyu suka yi. Gara ta shiga ɓawon, ruwan tsakar gida mai sabulu da toka ya gangaro musu. A ganina duk mai son gwada wannan shuka a Katsina ko Daura ya manta da ƙasa, ya tsaya a tukunya, inda zai iya ɗaukar ta ya gudu da ita daga rana ko daga ruwa.

Uku suka rage da hunturu ya dawo, kuma a nan na ga ainihin kamanninsu. Suka yi rassa, suka kai kamar tsawon tafin hannu, bakin ganyen ya yi ja-ja kamar an shafa lalle a dararen Janairu masu sanyi. Taki ban ba su ba sai sau ɗaya, ɗan tsunkule na takin zamani mai sinadarin farar wuta a cikin bokiti guda na ruwa. Aski kuwa ana yi mata, in ba haka ba sai ta yi dogayen ƙafafu tsirara da ɗan ganye a sama. Can bayan fure ya bushe ake yanke shi daga ƙarƙashin inda furen ya tsaya. Sharaɗin ɗaya ne: almakashi ya tsaya a kore, kada ya shiga tsohon itacen da ba ganye, domin da wuya ya sake toho daga nan. Ni da ba ni da fure, bakin rassan kawai na tsittsinke da farce, kuma kowane reshe ya fito da biyu ko uku. A tuddan Sikotilan tumaki da wata tsuntsuwa mai kama da fakara ne ke yin wannan aski da bakinsu, masu filayen kuma suna ƙona tsohuwar heda yanki-yanki don sabuwa ta fito.

Bazarar 2025 ta ɗauke ɗaya, saura biyu. Agusta ta zo ta wuce, watan da 'yan'uwansu ke rufe tuddai, har ƙudan zuma su yi zumar nan mai kauri da ke tsayawa a cokali sai an motsa ta, nawa ko ƙullin fure ɗaya ba su yi ba. Na yi ta leƙa bakin rassa da tabarau har Oktoba. Ina zargin abu biyu. Ba su taɓa ganin sanyi na gaske ba, irin mai ƙanƙara da ke sa su barci su farka. Sannan tsawon yini: a Abadin yinin watan Yuni yana kusan awa 18, namu a Katsina ko a mafi tsawonsa da ƙyar yake kai 13. Ruwa da ƙasa da inuwa ina iya yi musu dabara, wannan kuwa ba a hannuna yake ba. Ko a Afirka, heda ta asali sai can arewacin Maroko. Danginta na kusa kuma a kan duwatsu masu sanyi suke, kamar tsaunukan Habasha da Kilimanjaro, da kudancin Afirka ta Kudu inda suke da ɗaruruwan iri.

Ƙanwar Malam ta ce in ba ta ɗaya ta kai Jos, wani kuma ya ce Mambila ce wurinta. Na yarda za ta fi jin daɗi can. A tukunya a Jos zan iya bayarwa, amma ba zan ba wanda zai watsa ta a makiyaya ba. A Niyu Zilan an kai ta gandun Tongariro a 1912, wurin ya karɓe ta fiye da kima, ta mamaye tsirran ƙasar, har sai da aka shigo da wani ƙwaro mai cin ganyenta daga Birtaniya a 1996 don a rage ta. Abin da ke shan wahala a barandata yana iya zama annoba a tudun da ya dace da shi, kuma ciyawar Mambila abincin shanun mutane ce.

Akwai wata hanyar samun sabuwa ba tare da iri ba, ita ce aka ce ta fi sauƙi. A Disambar 2024 na zaɓi reshe mafi tsawo a babbar cikinsu, na lanƙwasa shi a hankali har tsakiyarsa ya taɓa ƙasa, na rufa wurin da haɗina, na danne da ɗan dutse, bakin reshen yana waje yana kallon sama. Ya sha bazara da damina a haka yana manne da uwarsa, ban taɓa shi ba. Shekaranjiya da safe Baba ya zo gyaran gwaiba, na kira shi ya riƙe mini fitila. Na ɗauke dutsen, na share ƙasar da tsinken tsintsiya kaɗan-kaɗan. A ƙarƙashin reshen akwai farin gashi cunkus, ya kama ɓawon Jos ya riƙe gam, na ɗan ja na ji ya ƙi tasowa. Baba ya ce, "Hajiya, wannan kam haifaffiyar Katsina ce." Na mayar da ƙasar na rufe. Sai sanyi ya kankama sosai zan raba ta da uwar, Inna ta riga ta gina mata tukunya, tana can tana shan iska kafin a gasa.